Tarihin Kwamitin Magunguna na Asibiti da Aikinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya babban asibiti ya san hanyar da takardar magani take bi. Likita ya duba, ya rubuta, a ɗauki takarda a kai ɗakin magani, mai ba da magani ya karanta, ya miƙo ko kuwa ya ce babu. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, tun kafin likita ya ɗauki alƙalami an riga an yanke shawara a kan abin da za a tarar a kan kantar ɗakin nan. Wasu mutane sun zauna sun ce wannan magani asibiti zai saya, wancan ba zai saya ba; wannan kowane likita na iya rubuta shi, wancan kuwa sai da iznin babban likita. Waɗannan mutane su ne kwamitin magunguna na asibiti. Littafin da suke tsarawa shi ake kira kundin magunguna, watau jerin magungunan da asibiti ya amince da su, tare da bayanin ƙarfinsu, da awonsu, da yadda ake amfani da su, da haɗarin da ke tattare da kowannensu.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan kwamiti a cikin tarihi, a ga inda ya samo asali da abin da ya sa aka ga tilas a kafa shi. Za a ga cewa kundi ya girmi kwamiti da fiye da shekara dubu. Za a kuma ga cewa abubuwa uku ne suka taru suka haifi tsarin da ake da shi yanzu: rashin magani, da yawan magani, da haɗarin magani. Daga ƙarshe za a nuna cewa kundi takarda ce kawai, ba ya aiki da kansa. Abin da ke ba shi rai shi ne zaman mutane masu ilmi, waɗanda aka ba su ikon su ce a'a, kuma a bi maganarsu.

Kundin Farko a Asibitocin Ƙasashen Musulmi

Asibiti mai ɗakunan kwanciya, da likitoci masu albashi, da ɗakin magani nasa na kansa, ya bunƙasa ƙwarai a zamanin daular Abbasiyawa. Ana kiransa bimaristan, kalmar Farisanci mai ma'anar wurin marasa lafiya. A wancan zamani magani ba ya zuwa a kwalba daga masana'anta. A cikin asibitin ake daka shi, a dafa, a tace, a gauraya da zuma ko sukari. Saboda haka matsalar farko ita ce ta daidaito. Idan likitoci goma suka rubuta maganin tari, kowa da nasa awo da nasa haɗi, mai harhaɗawa zai rasa wanda zai bi, marar lafiya kuma zai sha abu ɗaya yau, gobe ya sha wani dabam da suna iri ɗaya.

Wanda ya yi fice wajen magance wannan shi ne Sabur ibn Sahl, likita Kirista wanda ya yi aiki a asibitin Jundisabur a ƙasar Farisa, daga baya ya koma fadar Halifa al-Mutawakkil, ya rasu a shekarar 869 Miladiyya. Ya tsara littafi mai suna al-Aƙrabazin, inda ya kasa magunguna babi-babi bisa ga siffarsu, kamar na sha, da na shafawa, da na ɗigawa a ido, ya kuma ƙayyade abin da za a sa a kowane haɗi da awonsa. Asibitoci da shagunan masu magani na Bagadaza suka ɗauke shi abin dogaro. Da Sarki Adud al-Daula ya gina babban asibitin nan na Adudi a Bagadaza wajen shekarar 981, likitocinsa sun yi aiki da wani gyararren kofi na littafin Sabur. Haka aka ci gaba har zamanin Ibn al-Tilmiz, shugaban likitocin asibitin, wanda ya rasu a 1165. Nasa littafin ne ya maye gurbin na Sabur. A Alƙahira kuma, a ƙarni na 13, Ibn Abi al-Bayan, likita Bayahude a asibitin Nasiri wanda Salahuddin al-Ayyubi ya kafa, ya rubuta al-Dustur al-Bimaristani, gajeren kundi wanda sunansa ma ya nuna don asibiti aka yi shi. A kasuwa kuwa muhtasibi ne ke bin masu sayar da magani yana binciken algus.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan littattafai aikin mutum ɗaya ne, kuma ƙarfinsu ya dogara ga martabar mai su. Littafin Sabur ya yi kusan shekara 300 ana aiki da shi. Hakan ya yiwu ne domin itatuwa da saiwoyi da ma'adinan da ake magani da su ba sa canzawa daga ƙarni zuwa ƙarni. Malami guda mai zurfin ilmi yana iya sanin dukkansu.

Turai da Amurka: Kundin Birni da Kundin Yaƙi

A Turai aka fara ganin ƙungiyar likitoci, maimakon mutum guda, tana tsara irin wannan littafi. A 1498 likitocin birnin Fulorans na Italiya suka fitar da nasu bisa roƙon ƙungiyar masu sayar da magani. A 1546 majalisar birnin Nuremberg na Jamus ta wajabta wa masu maganinta bin littafin Valerius Cordus. A 1618 Kwalejin Likitoci ta Landan ta buga nata, sarki kuma ya ba da umarnin a bi shi. Sai dai waɗannan littattafai na birni ne ko na ƙasa. Aikinsu shi ne su faɗi yadda ingantaccen magani yake, ba su faɗa wa wani asibiti abin da zai ajiye a sitonsa ba.

Kundin asibiti na ainihi rashi ne ya farfaɗo da shi. A lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, hanyar shigo da magunguna daga Ingila ta toshe. A 1778 aka buga wani ɗan ƙaramin littafi da Latinanci don asibitocin soja, wanda aka fi sani da sunan garin Lititz na jihar Pennsylvania, ana kuma danganta shi ga likita William Brown. Haɗe-haɗe kimanin 100 kawai ya ƙunsa, an zaɓo masu sauƙin samu da sauƙin kuɗi. A 1816 Asibitin New York ya buga nasa kundin, shekara huɗu kafin Amurka ta sami littafin magunguna na ƙasa a 1820. Irin abin da ya faru a Lititz ya sake faruwa a Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Da jiragen ruwa suka kasa kawo kaya, sai aka fitar da kundin magunguna na lokacin yaƙi a 1941, wanda ya nuna wa likitoci abin da za su yi amfani da shi a maimakon abin da ya ɓace. Bayan yaƙi aka ga amfaninsa bai ƙare ba, shi ne ya zama tushen kundin magunguna na ƙasar Birtaniya da aka fara bugawa a 1949.

Yaƙi ya koyar da darasin da zaman lafiya bai koyar ba, watau ana iya jinyar mafi yawan cututtuka da magunguna kaɗan, in dai an zaɓe su da ilmi.

Yawan Magani da Haihuwar Kwamiti

Daga ƙarshen ƙarni na 19 al'amari ya juya. Masana'antun rini na Jamus suka shiga harkar magani. Kamfanin Bayer ya fito da asfirin a 1899. Aka sami Salvarsan na ciwon tunjere a 1910. Aka fara yi wa masu ciwon sukari allurar insulin a 1922. Magungunan salfa suka bayyana a 1935. A shekarun 1940 kuma penisilin da sitireftomaisin suka shigo. Tare da waɗannan magunguna na gaske sai kasuwa ta cika da dubban wasu, waɗanda ko dai tsohon magani ne aka yi wa sabon suna, ko kuwa gauraye ne na abubuwa uku huɗu ba tare da wata hujja ba. Kowane kamfani yana da wakilai masu zagaya ofisoshin likitoci. Ɗakin magani na asibiti ya zama dole ya ajiye magani guda a ƙarƙashin sunaye biyar ko shida, domin kowane likita da sunan da ya saba rubutawa. Kuɗi suna kwance a kan kanta, magani yana lalacewa, ma'aikatan jinya suna rikicewa. Babu kuma wani malami guda, komai ilminsa, da zai iya tantance wannan tuli shi kaɗai kamar yadda Sabur ya yi.

A 1933 wasu malamai biyu, Robert Hatcher na Jami'ar Cornell da W. J. Stainsby, suka bayyana ƙa'idodin da aka bi wajen tsara sabon kundin Asibitin New York. Biyu daga cikinsu har yanzu su ne ginshiƙin aikin. Ta farko, ba za a karɓi magani da sunan da kamfani ya laƙaba masa ba matuƙar ana samun irinsa da sunansa na asali. Ta biyu, ba za a karɓi gaurayen magunguna ba sai an kawo hujjar cewa gaurayen ya fi kowannensu shi kaɗai amfani. Da wannan nauyin kawo hujja ya koma kan mai son a shigar da magani. A 1936 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta amince da mafi ƙarancin sharuɗɗan da ɗakin magani na asibiti zai cika, waɗanda Edward Spease da Robert Porter suka tsara, daga ciki har da kafa kwamitin da zai haɗa likitoci da masanin harhaɗa magunguna. A 1942 masana harhaɗa magunguna na asibitoci suka kafa ƙungiyarsu, wadda ta zama mai ɗauke da tutar wannan tsari.

Ba a bar kwamiti ya tsaya da ƙafarsa cikin ruwan sanyi ba. A shekarun 1950 kamfanonin magani suka yi ta fafutuka har mafi yawan jihohin Amurka suka yi dokokin hana mai ba da magani musanya sunan da likita ya rubuta da wani, ko da abin da ke ciki ɗaya ne. Likitoci da yawa su ma suka ga kundi tauye musu 'yanci ne. Hujjarsu ita ce, likita shi ya ga marar lafiya, shi zai ɗauki alhaki, don me wasu da ke zaune a ɗakin taro za su ɗaure masa hannu? Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma amsar da aka ba ta ita ta ƙayyade siffar kwamiti har yau. Aka ce kwamiti na likitocin asibitin ne da kansu, su za su zaɓe shi, ɗayansu zai shugabance shi. Likitan da ya karɓi aiki a asibiti ya amince ke nan da kundinsa. Sa'an nan a bar ƙofa a buɗe, yadda likita zai iya neman maganin da ba ya cikin kundi don wani marar lafiya na musamman, in ya kawo dalili. A 1965 dokar Medicare, ta inshorar lafiyar tsofaffi, ta ambaci kwamitin a cikin nassinta, ta sa maganin da ya amince da shi cikin waɗanda gwamnati za ta biya kuɗinsu. Dokokin hana musanya kuwa a shekarun 1970 aka yi ta soke su ɗaya bayan ɗaya.

Haɗarin Magani

Abu na uku shi ne mafi ɗaci. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin salfa a cikin sinadarin dayetilin gilaikol don ya zama na ruwa mai daɗin sha. Sinadarin guba ne mai kashe ƙoda. Mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, abin da ya jawo dokar 1938 mai tilasta a tabbatar magani ba ya cutarwa kafin a sayar da shi. Daga 1957 zuwa 1961 kuma aka yi ta ba mata masu ciki talidomaid don barci da laulayi, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasassun hannaye da ƙafafu a ƙasashe da dama. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan masifa saboda wata jami'a, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a kan takardar izni har sai an kawo mata cikakkiyar hujja. A 1962 aka ƙara doka, ya zama tilas kamfani ya nuna maganinsa yana aiki. A 1964 Birtaniya ta ƙirƙiro katin rawaya da likitoci ke cikewa in sun ga magani ya yi illa, a 1968 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tattara irin waɗannan rahotanni daga ƙasashe.

Waɗannan dokoki na gwamnati ne, amma illar magani a gadon asibiti take fara bayyana. Saboda haka aka ɗora wa kwamiti aiki na biyu bayan zaɓe, watau sa ido a kan abin da magani ke yi bayan an ba da shi.

Akwai kuma wani haɗari wanda ba ya tsayawa a kan wanda ya sha maganin. Tun a 1945, a jawabinsa na karɓar lambar Nobel, Alexander Fleming ya yi gargaɗin cewa shan penisilin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Kafin ƙarshen shekarun 1940 likita Mary Barber ta nuna hakan yana faruwa a asibitin Hammersmith na Landan. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutane miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen in aka gwada da yawan jama'a. A nan hujjar 'yancin likita ta yi rauni ƙwarai, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta wa mutum guda ba bisa ƙa'ida ba yana rage wa dukkan masu kwanciya a ɗakin damar warkewa. Dukiyar jama'a ce, tilas a sami mai tsaronta.

Daga Asibiti Zuwa Ƙasa da Duniya

Ƙasashe matalauta ne suka ɗauki wannan dabara suka faɗaɗa ta. A tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, Farfesa Senaka Bibile ya tsara wa asibitocin gwamnati kundi a ƙarshen shekarun 1950, mai ɗauke da magunguna wajen 630, duka da sunayensu na asali. A 1971 aka kafa hukumar gwamnati mai sayo wa ƙasar magunguna a dunƙule ta hanyar gasar farashi, shi ya fara shugabantarta, kuɗin da ake kashewa a kan magunguna da yawa kuma ya faɗi ƙwarai. Kamfanonin ƙetare sun yi masa adawa mai tsanani. Ya rasu a 1977 a Guyana, inda ya je taimaka wa ƙasashen yankin su kafa irin wannan tsari.

A wannan shekara ta 1977, a zamanin shugabancin Halfdan Mahler, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na muhimman magunguna, guda 200 da 'yan kai. Taron Alma-Ata na 1978 ya sa samar da su cikin ginshiƙan kiwon lafiya matakin farko. A 1982 Bangaladash, bisa shawarar kwamitin da likita Zafrullah Chowdhury yake ciki, ta hana sayar da magunguna fiye da 1,600 waɗanda aka ga ba su da amfani ko suna da haɗari. A 1985 taron masana a Nairobi ya fayyace ma'anar amfani da magani bisa hankali: marar lafiya ya sami maganin da ya dace da cutarsa, a awon da ya dace da jikinsa, na tsawon lokacin da ya kamata, a kan kuɗi mafi sauƙi gare shi da al'ummarsa. Duk da haka, a 2002 hukumar ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ana rubuta su, ko ba da su, ko sayar da su ba yadda ya kamata ba. Jerin ƙasa, ashe, bai isa ba. Shi ya sa a 2003 ta fitar da littafin jagora musamman don kwamitocin magunguna na asibitoci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; asibitin da ke yankin macizai da na tsakiyar birni ba za su ajiye kaya iri ɗaya ba.

Yadda Kwamiti Ke Gudanar da Aikinsa

Bisa tsarin da ya zaunu, babban likita ne ke shugabantar kwamiti, shugaban ɗakin magani kuma shi ne sakatare. Ana sa wakilan manyan sassa, kamar na yara, da na mata da haihuwa, da na tiyata, da na cututtukan ciki, tare da shugabar ma'aikatan jinya, da masanin ƙwayoyin cuta na ɗakin gwaji, da jami'in mulki ko na kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: likita ya san cuta, masanin magani ya san inganci da farashi, ma'aikaciyar jinya ta san abin da ke faruwa da tsakar dare, akanta kuma ya san abin da ke cikin asusu.

Likitan da ke son a shigar da sabon magani yakan cike takarda. Kwamiti ya tambaya: yana aiki, kuma mece ce hujja? Mene ne haɗarinsa? Ana samun ingantaccensa a kai a kai? Nawa ne kuɗin jinya gaba ɗaya in aka gwada da maganin da ake da shi? In an karɓe shi, wane tsohon magani zai fita? Wanda ke da wata alaƙa ta kuɗi da kamfanin da ke yin maganin lalle ne ya bayyana, ya kuma janye daga yanke shawara. Ana yawan zargin wakilan kamfanoni da kyaututtukansu, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wajen kuɗi akwai dabaru biyu masu sauƙi. Ta farko ita ce a jera magunguna bisa abin da kowanne ya ci a shekara. Kusan kullum akan tarar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na magunguna su ke cinye kashi 70 zuwa 80 na kasafi, don haka a kansu za a fi sa ido. Ta biyu ita ce a kasa su gida uku: na ceton rai, kamar insulin da maganin tsayar da jini bayan haihuwa, da muhimmai, da waɗanda rashinsu ba ya kisa. In kuɗi suka gaza, an san inda za a fara yankewa. Idan aka haɗa dabarun biyu aka ga maganin ƙarin kuzari yana cikin masu cinye kasafi alhali babu maganin saran maciji a sito, to, an gano ciwon asibitin.

Bayan wannan kwamiti yakan tsara ƙa'idar jinyar cututtukan da aka fi gani, ya riƙa ɗibar takardun magani yana duba ko ana bin ta, ya karɓi rahoton illa da na kuskure ba da nufin hukunta ma'aikaci ba sai don toshe kafar da kuskuren ya bi, ya kuma keɓe wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ba a taɓa su sai da izni. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku don sauƙaƙa wannan aiki: na yau da kullum, da na taka-tsantsan, da na ajiya don ranar da sauran suka gaza.

Halin Nijeriya

Nijeriya ta shiga wannan tarihi ta ƙofar rashi. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, ɗakunan magani na asibitocin gwamnati suka bushe, har sanarwar juyin mulki da Birgediya Sani Abacha ya karanta ranar 31 ga Disamba, 1983 ta ambaci cewa asibitoci sun zama wuraren ganin likita kawai, babu magani. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka rungumi tsarin Bamako na 1987, wanda ya kawo asusun magani mai juyawa: a sayar wa marar lafiya da sauƙi, a mayar da kuɗin a sayo wani. Aka kuma yi Dokar Soja mai lamba 43 ta 1989, wadda ta kafa kundin magunguna na ƙasa da jerin muhimman magunguna. A 1990 aka fitar da manufar magunguna ta ƙasa, aka sabunta ta a 2005, inda aka nemi manyan asibitoci su kafa kwamitocin magunguna.

Haɗari ma bai tsallake ƙasar ba. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da dayetilin gilaikol, gubar nan da ta yi kisa a Amurka shekara 53 kafin nan. Wannan na daga cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993. A 2008 gubar ta sake dawowa a cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. A 2022 kuma ta kashe yara wajen 70 a Gambiya ta hanyar maganin tari. A duk waɗannan lokuta likitocin yara ne suka fara lura da cewa ciwon ƙoda ya yi yawa fiye da yadda aka saba. Tsakanin wannan lura da janye magani daga kanta akwai kwanaki, kuma a cikin kwanakin nan ake rasa rayuka. Asibitin da ke da kwamiti mai zama yana da wurin da za a kai irin wannan labari a ranar da aka gan shi.

Haka nan sauya magani. Da kulorokwin ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro, Nijeriya ta koma ga haɗin magungunan atimisinin a 2005. Sanarwa daga Abuja ba ta isa ta canza hannun likitan da ya shekara ashirin yana rubuta abu guda ba. Wani ne a cikin asibiti zai cire tsohon daga kundi, ya hana sayo shi, ya tara ma'aikata ya yi musu bayani, ya kuma dawo bayan wata shida ya duba takardu.

Kammalawa

An ga yadda kundi ya faro a hannun malami guda a Bagadaza da Alƙahira, ya koma hannun ƙungiyoyin likitoci a biranen Turai, yaƙi ya rage masa kauri, sa'an nan yawan magani da haɗarinsa suka tilasta a damƙa shi ga kwamiti. Ba a taɓa rasa takarda ba. Dokoki da jerin magunguna da littattafan jagora duk suna nan. Inda ake samun bambanci tsakanin asibiti da asibiti shi ne ko kwamitin yana zama a kan lokaci, ko ana rubuta abin da ya yanke, ko sashen saye yana bin kundinsa, ko kuma shugaban asibiti yana mara masa baya ranar da ya ƙi amincewa da buƙatar wani babba.

Wannan magana ta shafi ma'aikacin gwamnati kamar yadda ta shafi likita. Jami'in da ya sa hannu a kan kwangilar magani ba tare da ya nemi ganin kundin asibiti ba, ko ya karkatar da kuɗin asusun magani zuwa gyaran mota, ya rushe aikin kwamiti ko da bai taɓa shiga ɗakin taronsa ba. Ɗalibin da zai zama likita, ko masanin magunguna, ko akanta, ko sakatare a ma'aikatar lafiya, ya kamata ya fita daga jami'a da tambayoyi uku da zai yi wa duk asibitin da aka tura shi: ina kundinku, yaushe aka sabunta shi, kuma yaushe kwamitinku ya yi zamansa na ƙarshe? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitin da bai saba zama a lokacin lafiya ba, ba zai iya taruwa ranar da guba ta shigo ɗakin yara ba.